Gyaran Rana, Yoyon Dare

A Damagaram ba a zuwa fada da kukan yoyon famfo. Wanda ya gwada ba zai samu mai ce masa sannu ba. Kafin ya rufe baki wani zai ajiye kofin shayi ya ce, "Au, ashe ku ruwa na zuwa muku?" Daga nan zance ya bar kan yoyo, ya koma kan ta wane layi tiyon gidansa ya biyo, da wa ya sani a kamfanin ruwa, da ko za a iya turo yara da bido gobe da asuba. Shi ya sa magidanci mai hankali yake rufe wannan ciwo a cikin gida, ya yi jinyarsa shi kaɗai. Ni ma niyyata ke nan.

Baƙon da bai san garin ba zai ce mun cika raki. Ba raki ba ne. A kan dutse aka kafa garin nan. Manyan duwatsun da baƙi ke tsayawa suna ɗaukar hotonsu a wajen Birni kawunansu ne kawai suka leƙo, sauran jikin yana ƙarƙashin gidajenmu, kuma dutse ba ya ajiye wa kowa ruwa. Damina ma abin da take ba mu a shekara bai cika wuce milimita 400 da 'yan kai ba. Ruwan da muke sha daga nesa ake turo shi, daga Gogo da Machaya ta kudu, daga Arunguza da Ganaram ta arewa, tafiyar kilomita gommai a cikin bututu. Nasara kansa, da ya mai da nan hedikwatar mulkinsa a 1911, bai jure ba. A 1926 ya naɗe tabarmarsa ya koma Yamai, kuma ƙishirwa na cikin dalilan da ake lissafawa. Tun 2011 muna da matatar mai a arewa da gari. Fetur muna tacewa, ruwa kuwa jiransa muke yi. A unguwarmu in bazara ta kama ba ya zuwa sai tsakar dare, lokacin ɓarayi da masu nafila.

To a irin wannan gari ne tiyon gidana ya ga ya dace ya riƙa shayar da ƙasa.

Kaji ne suka fara ganowa. Uwargida ta lura kullum da sassafe suna taruwa a gindin famfon tsakar gida, jikin katanga, suna caccakar wani ɗan danshi. Can kuma sai ga ciyawa kore shar ta tsiro a wurin, a cikin watan Afrilu, lokacin da akuya ma ta manta launin ciyawa.

"Malam, tiyon nan yoyo yake."

Na je na durƙusa, na shafa shi daga sama har ƙasa, na ji shi ƙamas, har da zafi. Na ce, "Ina yoyon?"

"Da dare yake yi."

Na yi mata bayani cikin natsuwa cewa raɓa ce. Ta dube ni, ta dubi sama, inda rabon da a ga gajimare tun watan Satumba, ba ta ce komai ba. A daren nan, wajen ƙarfe uku, na ji ana taɓa ƙafata. Ga ta tsaye da tocila. Na bi ta ina layi. Ruwa ya zo, tana tara shi a tano, a ƙasa kuwa, daidai gwiwar da tiyo ya taso daga wajen kontar mai auna ruwa ya juya sama zuwa bakin famfo, wani ɗigo na taruwa a hankali, ya kumbura, ya yi nauyi, ya faɗi. Ɗis. Wani ya biyo bayansa.

"Ga raɓarka nan," in ji ta, ta koma wajen tanonta.

Ni malamin lissafi ne, kuma malamin lissafi in aka kayar da shi a gaban iyali, alli yake nema. Da safe na zauna na yi aikin da ya kamata. Yini da kwana daƙiƙa 86,400 ne. Ɗigo wajen 4,000 ke cika lita ɗaya. Ke nan tiyon da ke ɗiga sau ɗaya a kowace daƙiƙa yana zubar da sama da lita 20 a rana, wato bido guda cur, irin wanda mai garuwa ke turowa a kura yana gumi. A wata kuma ya haura lita 600, tano uku ke nan. Da na ga wannan sai gabana ya faɗi. Amma ilimi ba ya barin mai shi a rana: na tuna ai mu ba yini da kwana muke samun ruwa ba, 'yan sa'o'i ne, saboda haka sai a raba asarar gida huɗu ko biyar. Na kai wa uwargida sakamakon da murna, na nuna mata cewa ƙarancin ruwan garin nan yana yi mana tattali.

Ta ce, "To Allah ya ƙara ilimi. Shi lissafin zai toshe ramin?"

Matakin da na fara ɗauka na gwamnati ne: na sa kwano a ƙarƙashi, na ce ana nazari. Kaji suka ji daɗin wannan tsari ƙwarai. Amma danshi ya ci gaba da hawa katanga, kuma katangar ƙasa ce, tun ta mahaifina. Duk wanda ya tashi a Birni ya san abin da ruwa ke yi wa gindin ginin ƙasa. Ba ya rushe shi rana ɗaya. Fari-farin gishiri ke fara fitowa, sai yaɓe ya riƙa ɓantarewa, sai wata damina a wayi gari ana gaisawa da maƙwabci ba tare da an zagaya ta ƙofa ba.

Na kai maganar fada, amma da sunan wani abokina. Ban taɓa sanin muna zaune da masana tiyo haka ba. Mai shayi ya ce sabulu da toka. Wani tsohon soja ya ce cingam, a tauna shi sosai. Wani ya ce ƙaro, tunda da shi kakanninmu suka liƙe komai. Wani ya ce a ƙona tsohon bokitin roba a ɗiga narkakken a wurin. Direban da ke zuwa Kano ya rantse da wani gam mai kwalba biyu da ake haɗawa, wai har injin mota yana kamawa. Tela kuwa, wanda shi ne mai hankalin cikinmu, ya ce, "Ka ce wa abokin naka ya kira mai gyara." Aka yi masa caa, aka ce ba ya kishin aljihun talaka. Da zan tashi mai shayi ya kira ni da laƙabin malaman lakwal ya ce, "Mushe, a gaida abokin naka, a ce masa ciyawar da ta fito ta bayan katangarsa ta yi kyau."

Na fara da robar cikin tayar babur, wadda ita ce asibitin kowane abu a ƙasar nan, daga ƙafar kujera har kan gatari. Na yanka ta siriri, na ja, na naɗe gwiwar tam. Na koma gefe na jira. Ko ɗigo. Na kira uwargida da yara na ce su zo su gani. Na sa autana ya shafa da hannunsa ya shaida. Har na ɗan yi jawabi a kan yadda mutanen yanzu ba sa iya ɗaure ko tsintsiya sai sun kira ma'aikaci. Ƙarfe biyu na rana ne, kuma rabon tiyon da ruwa tun kafin kiran assalatu.

Da dare ruwa ya zo. Ɗigon bai fito ta inda ya saba ba, wannan kam gaskiya ne. Ya bi ta ƙarƙashin robar, ya fito ta gefe, ya zama biyu.

Abin da ya biyo baya ba sai na tsawaita ba. Na bi shawarwarin fada ɗaya bayan ɗaya, kowace a kan ta jiya, domin ban ga dalilin cire abin da na sha wahalar sawa ba. Sabulu ya narke, tsakar gida ta yi ƙamshi. Gam ɗin direba ya kama yatsuna biyu da kyau, na yini ina rubutu a allo da hannu a dunƙule, amma bai kama tiyo ba, don ba ya zama a kan tsatsa da danshi. Narkakkiyar roba ta ɗiga a kan babban yatsan ƙafata. Gwiwar tiyo ta yi ta kumbura da leda da tsumma da waya, har ta koma kamar ƙafar da mai ɗori ya ɗaure. Kowane gyara kuma nasara ne da rana. Ban taɓa yin gyaran da ya faɗi kafin sallar isha'i ba. Wannan shi ne sharrin garin da ruwansa ke yawon dare: yana ba wa kowane wawa sa'o'i goma sha biyu na zama gwani.

Uwargida ce ta aika aka kira mai gyara, ba da sanina ba. Da ya yi sallama na fito, sai na ga ɗalibina ne na da, wanda na sha tsayarwa a gaban allo saboda rabawa mai saura, wanda na taɓa faɗa wa mahaifinsa cewa a nema masa sana'a tun da wuri. Ashe an nema masa. Ga shi da babur sabo, da jakar kayan aiki, da waya ta fi tawa. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni.

"Mushe, ina wurin?"

Na nuna masa. Ya daɗe yana kallon ɗaurin. Na ga kafaɗunsa na motsi, amma yaro ne mai tarbiyya, ya mai da abin tari.

"Wa ya yi wannan aikin, Mushe?"

Na ce yara ne.

Ya warware komai, ya tara a gefe, tulin ya kusa cika kwando. Sannan ya yi mini darasi, ni ina tsaye shi yana tsugune, kuma dole in ce ya fi ni iya koyarwa. Ya ce tiyon ƙarfe irin na da an shafe shi da wani farin ƙarfe mai hana tsatsa, amma wurin da aka yanka masa zare don a ɗaura gwiwa, shafin ya tafi, ƙarfen kuma ya sirance. Nan tsatsa ke fara ci. Tiyon da ke cike da ruwa kullum ya fi daɗewa. Namu da ke jiƙewa da dare ya bushe da rana, iska na shiga tana fita, shi tsatsa ta fi so. Ga kuma bugun da ruwa ke yi in ya dawo, yana tunkuɗo iskar da ta cika bututu, wannan tari da kakarin da famfo ke yi kafin ya kawo. Kowane dare sai ya girgiza mahaɗar. Ya ce ɗauri daga waje ba ya maganin ramin da ruwa ke turawa daga ciki, sai dai ya canza masa hanya.

Ya ƙara da abin da ya hana ni cin tuwo da daɗi a daren. Ramin da ruwa ke fita ta cikinsa in an kawo, ta nan ƙazanta ke shiga in an ɗauke, domin bututun da ya zama fanko zuƙa yake yi. Ya dubi kwatamin da kaji ke wanka a ciki, ya dube ni, bai ƙarasa ba.

Ya kuma nuna mini kontar. Akwai wata 'yar tauraruwa a fuskarta. Ya ce in ruwa ya zo a rufe kowane famfo na gidan a zuba mata ido. In tana motsi, akwai inda ke yoyo, ko an gani ko ba a gani ba. Duk abin da ya zuba kafin kontar na kamfani ne, abin da ya zuba bayanta kuwa na maigida ne. Na tambaye shi nawa yoyon a wane ɓangare yake, ko da yake ina gani da idona. Ya ce, "Naka ne, Mushe, halak malak."

Maganin, in ji shi, a yanke ruɓaɓɓen a sa na roba. Ya faɗi kuɗin kaya da na aiki, jika kaɗan ne, ba su kai abin da na riga na kashe a gam da sabulu da maganin ƙuna ba. Amma ya ce sai jibi, yana da aiki a Sabon Gari. Kafin ya tafi ya ce, "Don Allah Mushe, a hana yaran nan taɓawa."

Da ya tsaya a nan da an rabu lafiya. Amma ya riga ya yi kuskuren da malami ba ya yi: ya ba ɗalibi rabin ilimi ya tafi. Na kwana ina tunani. A garin nan ne maƙeran Sarki Tanimun suka zuba igwa da hannunsu, a garin nan aka ja ganuwa aka kewaye Birni ba injin ba siminti. A ce jikansu ya zauna jiran yaron da bai iya rabawa mai saura ba, saboda gwiwar tiyo guda? Washegari da na taso daga lakwal na hau kabu-kabu zuwa Kasuwar Dole, na sayi sabuwar gwiwa da farin zaren nan na tefulan da ake naɗawa a mahaɗa. Na biya wajen bakaniken bakin titi na aro babban kile, wanda ya ce da shi yake kwance ƙafar tirela.

Akwai makulli a gaban kontar da ake rufe ruwan gida gaba ɗaya. Na gwada shi, na ji ya ƙafe, tsatsa ta riƙe. Ban damu ba. La'asar ce, a watan Mayu. Tun da bazara ta shigo ba a taɓa ganin ruwa a unguwarmu da rana tsaka ba. Mutum ya rufe me?

Na naɗa tefulan a bakin sabuwar gwiwa, ta ciki, da ƙyar, ina tura shi da tsinke. (Daga baya na ji cewa a kan zaren tiyo ake naɗa shi, ta waje, ta hannun da agogo ke bi, don kada ɗauri ya warware shi. Wannan bai zama matsala ba, tunda aikin bai kai nan ba.) Na kafa kile a tsohuwar gwiwa na ja. Ba ta motsa ba. Na yi bisimilla na sa ƙafa. Na ji wani ɗan ƙas, abu ya saki, na yi zaman daɓaro da kile a hannu da gwiwa a bakinsa, tare da guntun tiyon da ya kamata ya zauna a ƙasa.

Ina zaune ina kallon bakin karyayyen tiyo, ina tsara yadda zan mai da laifin kan yara, sai na ji yana tari.

Wanda bai zauna a Damagaram ba ba zai san abin da wannan sauti yake yi wa zuciya ba. Shekara da shekaru in na ji shi hamdala nake yi. Ran nan na ce, "Ya Allah, ba yanzu ba." Ya yi kakari, ya tofo jar tsatsa a gaban rigata, sannan ya miƙe. Ban taɓa sanin kamfani na da ƙarfi irin wannan ba. Ruwa ya tashi ya wuce katanga, ya yi lilo a sama, rabi na sauka a tsakar gidana rabi a lungu. Na danna babban yatsa a bakin, ya raba kansa gida biyar ya same ni a ido da hanci. Na cusa tsumma, ya harbo shi kan rufin maƙwabta. Na cire hulata na danna, na zauna a kai.

A lungu wani yaro ya ƙwala, "An kawo ruwa gidan Mushe!"

Ba a yi minti biyar ba gidan ya cika. Mata da bokitai da robobi da tukwane, yara da bido, almajirai da kwanonin bara, har wani mai garuwa ya shigo da kurarsa ta baya-baya yana cewa a ba shi hanya. Ba wanda ya tambayi abin da ya faru. Wata dattijuwa ta ce, "Ɗan nan, ɗaga kaɗan mana, ka toshe mana rabo." Na ɗaga. Layi ya tsaru da kansa, har da mai raba faɗa. Kowace ta cika sai ta juyo ta ce, "Allah ya saka da alheri, Mushe, Allah ya kai ladan kabarin mahaifa." Ina tsaye sharkaf, alli na narkewa a aljihu, ina amsa amin. Na saci kallon kontar. Tauraruwar nan ba a ma ganin ta don gudu.

Uwargida fa? Ta fi kowa natsuwa. Ta cika tano, ta cika randa, ta cika duk abin da ke da baki a gidan, ta fito da wankin sati ta jiƙa, ta kama auta ta yi masa wanka. Sai da ta gama ta ɗauki waya ta kira ɗalibina.

Ya iso kafin magariba. Bai dube ni ba, kuma na gode masa. Ya je wajen makullin da ya ƙafe, ya ɗiga masa ɗan baƙin mai, ya ƙwanƙwasa shi a hankali da bayan kile, ya murɗa da yatsu biyu. Ruwa ya tsaya. Layi ya yi tsaki gaba ɗaya, wata ma ta ce masa baƙin ciki bai da kyau. Ya yanke abin da ya rage na ƙarfen, ya haɗa na roba, ya shafa gam ɗinsa a busasshen tiyo, ya ce kada a buɗe sai ya kama. Aikin bai kai tsawon darasi ɗaya ba. Kuɗin kuwa ya ƙaru, tunda yanzu har da haƙa.

Da zai tafi na raka shi ƙofa, na ce masa yaran nan sai addu'a. Ya ce, "Haka ne, Mushe. Ga kilen yaran, a mayar wa mai shi."

Takardar kuɗin ruwa ta zo a ƙarshen wata. Na karanta ta a tsaye, na sake karantawa a zaune. Na yi niyyar zuwa in yi gardama, sai na tuna shaidu sun yi yawa, kuma dukkansu suna ganin alheri na yi. Liman ma ya tare ni bayan sallar asuba ya ce ya ji abin da na yi wa unguwa, ya ce shayar da ruwa na cikin mafi girman sadaka, Allah ya sa wasu su yi koyi. A fada an daina ce mini Mushe, sai Mai Rijiya.

Shekaranjiya da la'asar ina zaure ina duba takardun jarrabawa, sai ga wata yarinya da bokiti a ka. Ta gaishe ni ta ce, "Wai in ji Inna, yau za ka yi gyara?"

Kafin in buɗe baki uwargida ta amsa daga cikin gida: "Ki ce mata sai an yi albashi."